Gyaɗa kan makaɗi: saƙo ne ko ɗabi'a?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a matakin digiri na biyu, bincikena kuma ya shafi yadda makaɗa suke fahimtar juna ba tare da magana ba. Wata ƙungiya ta mutum huɗu masu kayan kiɗa na tsirkiya, biyu da biyolin, ɗaya da biyola, ɗaya da chelo, sun yarda in ɗauki bidiyon atisayensu sau shida kafin su yi wasa a gaban jama'a. An yi huɗu, saura biyu. Ina da kusan awa takwas na bidiyo, na kalla na sake kallo, amma kowa motsi yake yi ko da yaushe: wannan na rangaji, wancan na ɗaga gira, wata na gyaɗa kai. Ta yaya zan bambance motsin da yake saƙo ne da wanda ɗabi'a ce kawai? Kuma shin dole sai na sami na'urar nan mai kama motsi kafin a ɗauki aikina a matsayin na kimiyya?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Tambayoyi biyu kika haɗa, nauyinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Ta biyun, wato ko sai da na'urar kama motsi aiki yake zama na kimiyya, amsarta a'a ce, ko da yake zan dawo kanta can gaba domin akwai 'yan wuraren da na'urar take da amfani na gaske. Ta farkon ita ce mai wuya. Abin da kike nema ma'auni ne da zai ba ki damar cewa wannan ɗaga girar magana ce aka yi wa wani, waccan kuwa fuska ce kawai ta motsa. Abin da na tsaya a kansa bayan shekarun da na yi ina kallon irin wannan bidiyo shi ne, ba a gane hakan daga siffar motsin kansa. Gyaɗa kai iri ɗaya yana iya zama umarni a wannan wuri, ya zama gajiyar wuya a wancan. Ana gane shi ne daga abin da ya biyo bayansa a jikin sauran makaɗan da kuma a cikin sautin da suka fitar. Muddin idonki yana kan mai motsin shi kaɗai, awa takwas ɗin za su ci gaba da zama hayaniya; ranar da kika fara kallon wanda yake gefensa, ranar aikin zai fara yin tsari.

Motsin makaɗi ba gida ɗaya ba ne

Masana sun daɗe suna ƙoƙarin rarraba wannan motsi. A 1988 wani Bafaranshe, François Delalande, ya nazarci hotunan makaɗin piyano Glenn Gould, ya raba abin da ya gani uku: motsin da yake fitar da sauti kai tsaye, motsin da yake raka shi kamar karkatar ƙirji da ɗaga kafaɗa, sai na ukun da ba a jiki yake ba, wato siffar motsin da sautin yake zanawa a tunanin mai sauraro. Rabon da aka fi amfani da shi yanzu, wanda Alexander Jensenius da Marcelo Wanderley da Rolf Inge Godøy da Marc Leman suka tsara a 2010, gida huɗu ne: mai fitar da sauti, mai sauƙaƙa fitar da shi, mai raka sautin kamar rawa ko buga ƙafa, da kuma mai isar da saƙo ga wani. Rabon yana da amfani a matsayin kalmomin aiki, amma su kansu waɗanda suka tsara shi sun yarda cewa motsi ɗaya yakan faɗa gida biyu ko uku a lokaci guda.

Ki ɗauki numfashi. Mai busa sarewa dole ya ja iska kafin ya fara, don haka jan numfashinsa sharaɗin sauti ne, amma abokan kiɗansa suna jin sa, suna ganin ƙirjinsa ya tashi, su shigo tare da shi. Makaɗanki huɗu ba iska suke hurawa ba, baka suke gogawa a kan tsirkiya, duk da haka idan kika ƙara sautin bidiyonki za ki ji mai biyolin ta farko, wadda a al'ada ita ce jagora, tana jan iska ta hanci da ƙarfi kafin shiga. Wannan numfashin bai ƙara wa tsirkiya komai ba. Yana daidaita jikinta da saurin da take so, yana kuma sanar da sauran ukun wannan saurin. Wane gida za ki sa shi? Ni ban damu da a tilasta masa gida ɗaya ba.

Akwai wani tarko da ya kamata ki sani tun yanzu. Wanderley, a Jami'ar McGill da ke Kanada, ya auna motsin masu busa kilarinet suna maimaita wani gajeren kiɗa na mai tsara kiɗa Stravinsky, su kaɗai ba abokin kiɗa. Ya tarar kowane mabushi yana maimaita salon motsinsa kusan a wurare guda duk lokacin da ya sake busawa, kuma ko an nemi ya busa ba tare da motsi ba, wani ɓurɓushi yakan rage. Ma'anar wannan a wurinki ita ce, don kin ga mai chelo yana sunkuyawa a wuri ɗaya sau goma, hakan bai nuna saƙo yake aikawa ba. Mutumin da ba kowa a gabansa ma haka yake yi, domin motsin ya shiga cikin yadda jikinsa ya haddace kiɗan.

Za ki kuma ci karo da bincike mai yawa a kan tasirin gani, sai dai mafi shahararsa a kan 'yan kallo aka yi. Jane Davidson a 1993 ta ari dabarar Gunnar Johansson ta 1973, inda ake liƙa abu mai ƙyalli a gaɓoɓin jiki a ɗauki hoto ta yadda ɗigon haske kawai ake gani, ta sa makaɗa su kaɗa abu guda ta hanya uku, a bushe, a yadda aka saba, da kuma da wuce gona da iri. Masu kallon ɗigon hasken ba sauti sun fi masu jin sauti zalla iya bambance ukun. Michael Schutz da Scott Lipscomb a 2007 sun nuna cewa idan mai buga marimba, wato kayan kiɗan katako da ake bugawa da sanda, ya ja hannu dogo bayan bugu, masu kallo sukan ji amon ya fi tsawo alhali tsawonsa bai canja ba. Waɗannan suna da kyau a babin waiwaye, amma kada su janye ki. Su suna tambayar abin da mai kallo yake gani ne; ke kina tambayar abin da abokin kiɗa yake amfani da shi.

Abin da atisaye yake ba mai bincike

Wasa a gaban jama'a sau ɗaya ake yin sa, ya wuce ya wuce. Atisaye kuwa maimaici ne: a kaɗa gaɓa guda, ta lalace, a tsaya, a yi magana, a sake, a sake. Wannan maimaicin shi ne dukiyarki, domin yana ba ki gwaji wanda ba ke kika shirya ba. Kiɗan bai canja ba, mutanen ba su canja ba, ɗakin bai canja ba, abin da yake canjawa shi ne yadda suka tunkari wurin, kuma sau da yawa sukan faɗa da bakinsu abin da ya lalace. Saboda haka ina ba ki shawarar ki daina ɗaukar "motsi" a matsayin abin da kike ƙirgawa. Ki ɗauki "gaɓa da yunƙurinta": wuri kaza a cikin kiɗan, yunƙuri na ɗaya, na biyu, na bakwai, daga atisaye na farko har zuwa ranar wasa.

Ba kowane wuri ne ya cancanci wahalarki ba. Inda kiɗa yake tafiya da sauri ɗaya ba tangarɗa, kunne ya ishi makaɗa, jiki kuma yana ta rangajinsa ne kawai. Wuraren da ido da jiki suke ɗaukar nauyi su ne farawa, shigowa bayan shiru, inda sauri yake raguwa ko ƙaruwa, inda ake riƙe amo ba adadi sai an sake shi tare, da kuma ƙarshe. A irin waɗannan wurare babu bugun da ya gabata wanda kunne zai dogara da shi ya yi hasashen na gaba. Ki zaɓi biyar ko shida daga cikinsu, ki yanko kowane yunƙuri, ki jera su. Awa takwas ɗinki za su iya dawowa minti arba'in, kuma cikin minti arba'in ɗin nan ne amsarki take.

Ga misalin abin da ake gani idan an jera su haka. Na taɓa bin wata ƙungiya irin taki a wani wuri da dukkansu huɗu suke shigowa a hankali bayan dogon shiru. A yunƙurin farko sun shigo a warwatse, chelo ya makara. A na biyu mai biyolin ta farko ta ɗaga kan biyolin ɗinta sama sosai ta sauke, chelo ya sake makara. A na uku ta ƙara da jan numfashi mai ƙara har da ɗaga gira, abin bai gyaru ba, sai mai chelon ya ajiye bakansa ya ce ba ya ganin hannunta ko kaɗan, madogarar takardar mai biyolin ta biyu ta tare shi. Aka sauke madogarar da kamar tsawon yatsa, ya ja kujerarsa gefe kaɗan. A yunƙuri na huɗu suka shigo kamar mutum ɗaya. Abin da ya fi jan hankalina ya zo ne bayan haka. Zuwa na bakwai ɗaga biyolin ɗin ya ragu har da ƙyar ake ganinsa, a mako na gaba kuwa ba wanda ya ɗaga ido daga takarda, numfashin hanci kawai ya rage, kuma suna shigowa daidai. Wanda ya ƙirga motsi zai rubuta cewa sadarwa ta ragu. Abin da ya faru shi ne saƙon ya shiga jikin kowa har ba ya buƙatar a ɗaga murya.

Daga irin wannan jeri ne nake fitar da tambayoyin da nake yi wa kowane motsi. Shin ya zo kafin abin da ake son daidaitawa, ko tare da shi ya zo? Saƙo yakan riga abin, domin wanda aka yi wa yana buƙatar lokacin amsawa. Shin akwai wanda yake a wurin da zai iya ganinsa ko jin sa? Shin wani abu ya canja a jikin wancan ko a sautinsa nan take? Shin motsin yana girma idan wurin ya lalace, ya ƙanƙance idan ya gyaru? Wannan ta ƙarshen ita ce na fi yarda da ita, domin ɗabi'a ba ruwanta da ko an shigo tare ko ba a shigo ba, girmanta ɗaya ne kullum. Akwai gwajin da ya ƙarfafa wannan tunani. Werner Goebl da Caroline Palmer a 2009 sun sa masu piyano biyu-biyu su kaɗa tare, suna rage musu yadda suke jin juna. Da ji ya ragu, sai wanda aka ba jagoranci ya riƙa ɗaga yatsunsa sama fiye da da, motsin kawunansu kuma ya ƙara daidaituwa. Jiki yana karɓar aikin ne a lokacin da kunne ya gaza.

Kada kuma ki ɗauka raguwar motsi doka ce. Aaron Williamon da Davidson a 2002 sun bi wasu ƙwararrun masu piyano biyu daga atisaye har zuwa wasa, suka tarar fiye da kashi 90 cikin 100 na lokacin atisayen kiɗa ake yi ba magana ba, haɗa ido da ishara kuma sun ƙara ƙarfi a wuraren da makaɗan suka ce su ne muhimmai, musamman ranar wasan. Elaine King da Jane Ginsborg a 2011 sun ga mawaƙa da masu raka su da piyano sun fi yawan ishara idan suna tare da wanda suka saba da shi. Ga alama sabo yana ƙara wani irin motsi, yana rage wani. Wannan shi ya sa jimillar adadi ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an san wane motsi ne, a wane wuri, bayan wane irin yunƙuri.

Saƙon da aka aika da alamar da aka ɗauka

A nan zan gaya miki kuskuren da na yi, domin ya gyara mini tunani fiye da duk abin da na karanta. Na shafe kusan mako biyu ina rubuta motsin wani dattijo mai biyola. Yana da wata ɗaga haɓa da yake yi a hankali, tana zuwa a farkon manyan sassa na kiɗan, har na fara rubuta cewa shi ne jagoran ɓoye na ƙungiyar, biyolin ta farko suna kawai take da shi. Da na nuna masa bidiyon sai ya yi dariya, ya cire tabaransa ya miƙo mini. Gilashin mai hawa biyu ne, na ƙasa shi ne na karatu, don haka duk lokacin da idonsa ya koma saman sabon shafi dole ya ɗaga haɓa kafin ya ga rubutun, manyan sassan kuwa a saman shafi suke farawa a takardarsa. Na ji kunya ba kaɗan ba. Amma da na nuna wa mai biyolin ta biyu wannan wurin ita kaɗai, ban gaya mata zancen tabarau ba, sai ta ce ai da wannan ɗaga haɓar take sanin lokacin shiga, shekara da shekaru.

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wannan aiki fuska takan ba da labarin da zuciya ba ta aika ba. Tun daga lokacin nake raba abu biyu a rubutuna: saƙon da mai motsi ya yi niyyar aikawa, da alamar da abokin kiɗa ya ɗauka ya yi amfani da ita ko an yi niyya ko ba a yi ba. Tambayarki ta raba motsi gida biyu, saƙo da ɗabi'a, alhali akwai wannan gida na uku, kuma a ganina shi ne mafi girma. Martin Clayton, wani masanin kiɗa a Ingila, ya nuna wani abu makamancin haka a 2007 a kiɗan gargajiya na arewacin Indiya. Masu kaɗa tanpura, wata abar kiɗa mai tsirkiya wadda aikinta shi ne riƙe amo guda a bayan mawaƙi, bai kamata su bi bugun kowa ba, amma da ya auna motsin yatsunsu a bidiyo sai ya tarar suna ƙulluwa da juna a lokaci ba da saninsu ba. Haka kuma a 2017 Andrew Chang da Laurel Trainor da abokan aikinsu a Jami'ar McMaster sun naɗa jagora a asirce cikin ƙungiyoyin mutum huɗu irin taki, suka tarar rangajin jagoran yana hasashen rangajin sauran fiye da yadda nasu yake hasashen nasa, kuma wani abu na wannan alaƙa ya kasance ko a lokacin da ba sa ganin juna. Wato jikkuna biyu suna iya tafiya tare saboda kunnuwa biyu suna jin abu ɗaya, ba don ido ya ga komai ba. Kada ki manta da wannan duk lokacin da kika ga mutum biyu suna rangaji tare kika ji sha'awar rubuta cewa ɗaya yana kallon ɗaya.

Yadda za ki rubuta abin da kika gani

Ki raba bayani da fassara, ki sa su a layi dabam-dabam. Manhajar ELAN, wadda Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a Holan take bayarwa kyauta, an yi ta ne domin irin wannan: bidiyo a sama, layuka a ƙasa, kowane layi da abin da yake ɗauka. A layin bayani ba a rubuta "ta ba da umarni", ana rubuta "kai ya tashi, ya sauka, fuska ta juya hagu". Kowane makaɗi ki ba shi layin kai, layin inda fuska ta fuskanta, layin gangar jiki, da layin baka idan ya yi abin da kiɗan bai buƙata ba. Fassara tana zuwa daga baya a nata layin, tare da dalilin da ya sa kika yi ta. Ni kan kalli kowane yanki sau uku a jere: ba sauti, sannan sauti ba hoto, sannan duka biyun. Kallon shiru yana hana kiɗan ya sa miki ma'ana a ido, sauraron da ba hoto kuma yana ba ki damar yanke hukuncin ko an shigo tare kafin ki san wanda ya motsa.

Lokutan da aka tsaya ana magana suna buƙatar wani ma'auni dabam, domin a nan hannu yana raka baki ne. Rabon David McNeill na 1992 ya dace da su: isharar da take zana siffar abu, wadda take misalta abin da ba shi da siffa, wadda take nuni, da wadda take buga lokaci. Ki lura da inda magana take ƙarewa hannu ya ƙarasa ta. Makaɗi zai ce "ina so ya zama kamar haka", sai ya rera gaɓar da baki yana zana tudu a iska da fensir. Duk umarnin yana cikin tudun nan. Wanda ya kwafi maganar kawai a takarda zai sami jimla wadda ba ta ce komai ba. Abin da nake bi da kulawa shi ne ko siffar da aka zana a iska ta sake bayyana a jikin wani idan an koma kiɗa, domin a nan ne ake ganin ishara tana tashi daga mutum ɗaya ta zama mallakar ƙungiya.

Ki nemi wani ya rubuta wani kaso na yankunan, ko da kashi ɗaya cikin biyar ne, ba tare da ya ga naki ba, sannan ki auna daidaituwarku da ma'aunin kappa na Jacob Cohen, wanda yake cire daidaiton da sa'a kawai za ta iya kawowa. A al'ada abin da ya haura 0.6 ana ɗaukarsa mai kyau. Idan kun saɓa da yawa a layin bayani, ma'anonin da kika ba kalmominki ne ba su fito ba, sai a gyara su a sake. Wannan matakin, ba tsadar na'ura ba, shi ne yake sa masu jarrabawa su yarda da aikin.

Bayan haka ki zauna da makaɗan ɗaya bayan ɗaya, kada a taru, ki nuna musu yankunan. Kada ki ce "me kike nufi da wannan?", domin mutum ba ya son ya ce bai san ya yi ba, zai ƙago miki dalili mai daɗin ji. Ki tambayi kowa abin da yake dogara da shi ya shiga a wannan wuri. Amsar mai karɓa ta fi ta mai aikawa amfani. Ki kuma bar wannan zaman sai bayan wasan, domin makaɗin da aka nuna wa ɗaga girarsa ba zai sake ɗaga ta yadda ya saba ba.

Zancen na'ura

Abin da zai yanke miki hukunci a nan lissafi ne mai sauƙi. Rudolf Rasch ya auna ƙananan ƙungiyoyi a 1979 ya tarar tazarar da ke tsakanin shigar makaɗan da kunne yake ji kamar tare suke takan kai milisakan 30 zuwa 50, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Bidiyo mai hoto 25 a sakan yana barin milisakan 40 tsakanin hoto da hoto. Don haka da irin wannan bidiyo za ki iya cewa gyaɗa kai ya riga shiga da rabin sakan, za ki iya cewa wa ya juya ya fuskanci wa, amma ba za ki iya cewa wa ya riga wa da ɗan ƙiris ba. Tambayoyin da suke buƙatar wannan ƙiris ɗin akwai su. Alan Wing da abokan aikinsa a 2014 sun auna lokutan amo a ƙungiyoyi biyu masu kaɗa wani yanki na kiɗan da Haydn ya tsara, suka ga a ɗaya sauran suna gyara lokacinsu su bi biyolin ta farko fiye da yadda take bin su, a ɗayar kuwa gyaran na kowa da kowa ne. Laura Bishop da Goebl a 2018 sun nuna cewa a cikin gyaɗa kan da ake fara kiɗa da shi, lokacin da saurin kan yake ƙaruwa mafi tsanani shi ne yake nuna inda bugu yake. Irin wannan abu, ido ba ya kama shi. Idan tambayarki ta kai can, sai na'ura.

Amma na'urar tana da nata farashin da ba na kuɗi ba. Ana liƙa wa mutum ƙwallaye masu ƙyalli a kai da kafaɗa da hannu, a kewaye shi da kyamarori masu haske da ido ba ya gani, a ɗakin gwaji wanda ba nasa ba, jikin kayan kiɗan mai sheƙi kuma yakan rikita kyamarorin. Abin da ake samu a nan wasa ne da aka shirya, ba atisayen da ake gardama ana ja da kujera ba. Ke abin da kike da shi ya fi wuyar samu. Idan kina son lambobi daga bidiyonki, manhajojin da suke gano gaɓoɓin jiki daga hoto, irin OpenPose da MediaPipe, suna iya ba ki layin tashi da saukar kai, sai dai sukan ruɗe idan biyolin ta rufe haɓa ko chelo ya rufe ƙirji, don haka sai kin bi abin da suka fitar da ido.

Akwai iyakokin da ba na'urar da za ta cire miki. Bidiyo yana nuna inda fuska ta fuskanta, ba inda hankali yake ba, makaɗa kuwa da gefen ido suke yin yawancin kallonsu, ido na kan takarda amma yana kama tashin bakan maƙwabci. Don haka ki rubuta "fuska ta juya", kada ki rubuta "ta kalla", kuma rashin juyawa bai zama rashin gani ba. Ƙungiya ɗaya ce a hannunki, abin da kika gano nata ne, kuma ki faɗi haka a fili tare da bayanin tsawon lokacin da suka yi tare. Ni kaina da ƙananan ƙungiyoyi marasa madugu na yi aiki. Inda mutum sittin suke bin sandar mutum ɗaya lissafin wani ne, ba zan ɗora miki shawarata a can ba.

A atisaye biyun da suka rage, ki ƙara kyamara ta biyu a kusurwar da za ta kama fuskokin da ta farko take gani daga gefe, ki sa su duka a kan hoto 50 ko 60 a sakan idan suna iyawa, ki kafa su kafin makaɗan su shigo, kada ki taɓa su har a tashi. Ki ɗauki sauti da na'ura dabam kusa da tsakiyar da'irar, domin sauti yana cin kusan milisakan 3 a kowace mita, kyamarar da take bango kuwa a makare take jin sa. Ki tafa hannu sau ɗaya a gaban dukkan na'urorin a farko da ƙarshe domin ki sami inda za ki haɗa su. Ki zana taswirar zaman kowace rana, da tsayin madogaran takarda, da wanda yake iya ganin hannun wa. Sannan ki roƙi izinin ɗaukar hoton takardun kiɗansu bayan atisaye na ƙarshe, kowa da tasa. Makaɗa da yawa sukan zana ɗan tabarau da fensir a saman wurin da suke son tuna wa kansu su ɗaga ido, wani lokaci har da harafin farko na kayan kiɗan wanda za su kalla. Ki gwada wuraren da aka zana tabarau da wurare biyar ko shidan da kika zaɓa, sannan ki koma bidiyon ki ga ko a can ɗin fuskokin sun juya.